Ludayin Baba Sui

Saura wata uku Sui Maolin ya ajiye aiki lokacin da abin ya faru, kuma duk wanda ya shekara a hawa na huɗu na cibiyarmu ta bincike a birnin Dalian ya san abin da yake so kafin ya miƙa makullai. Yana so ya ga sunansa a saman takardar bincike, a layin nan da ake jera waɗanda suka yi aikin, ko da a tsakiya ne inda ba mai dubawa. Sau ɗaya kawai. A shekara ashirin da biyar da ya yi yana wanke mana kwalabe, takarda sama da ɗari biyu suka fita daga ɗakinmu, kuma a gindin kowacce, da ƙananan haruffa, akan rubuta ana godiya ga "ma'aikatan ɗakin gwaji". Ma'aikatan kuwa shi kaɗai ne.

"Sun mai da ni mutum goma," yakan ce, hannunsa cikin kumfa, "amma ko ɗaya ba su raɗa wa suna ba."

A wani ƙauyen masunta kusa da Lushun aka haife shi. Da ya hau jirgin ruwa sai amai, har ubansa ya haƙura ya ce wannan ɗa na tudu ne. Yana ɗan shekara sha bakwai ya shiga masana'antar da ke yi wa ƙahon keke rufin nikel don ya yi ƙyalli. Shekara sha takwas yana tsaye a bakin kwamin sinadari, har hancinsa ya daina jin warin komai sai tafarnuwa. Ranar da aka rufe masana'antar, abokan aikinsa suka yi ta kwasar abin da za su iya ɗauka, wani kujera, wani agogon bango. Shi ba wanda ya ga ya ɗauki komai. Bayan wata biyu ya samu aikin wanki a wurinmu, ya zama Baba Sui ga ɗaliban da a lokacin wasunsu ba su fi shi ƙuruciya da shekara goma ba.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗi. Mu tsoma faranti biyu cikin ruwan soda, mu sakar musu wutar lantarki, ruwa ya rabu gida biyu: wannan faranti ya fitar da iskar haidurojin da ake fatan ta gaji fetur, wancan ya fitar da oksijin. Sai dai ruwa yana da taurin kai, sai ya sha wuta mai yawa kafin ya yarda ya rabu. Shi ya sa muke shafa wa farantin wani gari da zai ingiza shi, muna ce masa ɗan zuga. Wanda ya fi kowa iya zugar, iridiyom, ya fi zinariya tsada, don haka kowa mai araha yake nema.

Maigidanmu, Farfesa Rong Jianye, da garin nikel ya yi suna. Kowa a wannan fanni ya san idan ɗigon baƙin ƙarfe ya shiga nikel yakan ƙara masa kuzari. Alfaharin Farfesa shi ne nasa ba ya buƙatar wannan tallafi. Nikel zalla, in ji shi, sirrin yana cikin siffar da ya yi wa ƙwayoyin garin. Takarda uku ya fitar a kan haka, ta huɗu kuma tana hannun ɗalibarsa Pei Xiaoman, wadda digirinta na uku ya rataya a kanta. Ni na riga na gama nawa, na zauna ina taya shi duba ɗalibai.

Ruwan sodar kuwa, tun fil azal Baba Sui ke haɗa shi, a ɗan lungunsa bayan wurin wanki, ƙofa a rufe. Mu dai mu rubuta suna a kwalba mu ajiye da safe, da hantsi mu ɗauka a cike. Ba wanda ya taɓa leƙawa. Wa ke tambayar mai tuwo yadda ya tuƙa?

A watan Yuli Farfesa ya fara shirin rayuwa ba tare da tsohon ba. Aka kawo injin wanki daga Jamus, aka kawo ruwan soda haɗaɗɗe a jarkokin roba, kowacce da takardar shaidar tsabta.

"Tsoho Sui, ka sha wahala," in ji Farfesa yana dafa kafaɗarsa. "Wata ukun nan ka huta. Ka shayar da furanni."

"Na gode, Farfesa. Dama bayana yana ƙorafi." Sannan ya ƙara da cewa, "Maganar nan da muka taɓa yi, ta suna..."

"Ai ba a mantawa da kai. Wannan karon da manyan haruffa za a rubuta godiyar."

Baba Sui ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Da na san shi yadda na san shi yanzu, da murmushin nan ya tayar min da hankali.

Mako bai zagayo ba ɗan zugan Farfesa ya kwanta. Farantin da a da yake tafasa da kumfa ya koma fitar da ita ɗaya-ɗaya kamar tsoho na tofa yawu. Pei ta sake gari, ta sake faranti, ta sake wayoyi, ta zargi injin awo, ta zargi zafin bazara. Har ta ɗaura jan zare a ƙafar teburinta, ita da take yi wa kakarta dariya kan irin wannan. Baba Sui kuwa bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Ya yi aski, ya sayi sabon takalmi, ya kafa kujera a bakin taga yana ɓarar 'ya'yan kabewa.

"'Yata, yau ma ruwan ya ƙi sakin matarsa?"

"Baba, don Allah ka ƙyale ni."

"To ai aure ne mai ƙarfi. Ki kira injin Jamus ya yi musu shari'a."

A mako na uku ya tarar da ita tana kuka a bayan firiji. Ya ɗauki kwalbarta ya shiga lungunsa ya rufe ƙofa. Da ta zuba ruwan da ya kawo, farantin ya ɗauki tafasa har muka taru muna kallo. Pei ta rungume shi. Washegari ta ajiye kwalba uku a bakin lungun, da ledar lemo a kai.

Ya ɗauki lemon, ya bar kwalaben.

"Baba, ruwan fa?"

"Wane ruwa? An ce in huta. Jiya ma karambani na yi, bayana bai bar ni na zauna daidai ba."

A nan na gane ba tausayi ne kaɗai ya shigar da shi lungun ba. Ɗanɗano ya ba mu, irin wanda mai kifi ke ba ka a kasuwa kafin ya faɗi kuɗi. Ruwa ba ya tsami banza, balle ya warke banza. Ranar Lahadi na sayi tuffa na hau bas zuwa gidansa.

Matarsa, Goggo Teng, na tarar tana naɗe ƙullin fulawa da naman kifi, shi yana murza mata fulawar. Ta ba ni kujera, ta ba ni tafarnuwa in ɓare, don a gidanta baƙo ma ba ya zaman banza.

"Dakta Ning da kansa," in ji Baba Sui. "Tsohuwa, ƙara kifi, yau babban mutum ne ya zo bincike."

"Baba, me kake sa wa ruwan nan?"

"Soda da ruwa. Ko akwai abin da littafinku ya ƙara?"

"Faɗa masa mana, tsohon banza," in ji Goggo ba tare da ta ɗago ba. "Shekara shida kana cika min kunne, yau ga mai son ji."

Ya goge hannu, ya buɗe jakar da yake zuwa da ita aiki, ya zaro wani ludayin baƙin ƙarfe mai dogon hannu, tsatsa ta cinye bakinsa. Ashe ranar da aka rufe masana'anta a ƙafar wando ya fito da shi. Da shi yake juya ruwan soda, domin sandar gilashin da aka ba shi, in ji shi, ta 'yan mata ce, da ka matsa ta karye. Kowane juyi ludayin yakan bar ɗan abin da ido ba ya gani, ɗan abin nan kuwa shi ne duk sirrin Farfesa.

"Kuma ka sani?"

"Haba Dakta. Shekara sha takwas ina kiwon nikel. Na san abin da yake so kamar yadda na san wannan tsohuwa tana son a ce girkinta ya fi na uwata."

"Ya fi kuwa," in ji Goggo.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ranar taron mako shayi nake zubawa. Ka taɓa ganin buta ta ɗaga hannu?"

Ya shiga ɗaki ya fito da kalandar bango guda shida, irin wadda masu kifi ke rabawa a sabuwar shekara. A kowace rana ya rubuta sunan wanda ya karɓi kwalba. Wasu sunayen da jan ɗigo a gefe, wasu babu. Jan ɗigo, ludayi. Babu ɗigo, sandar gilashi. Ya ce da farko gwaji ya yi don ya tabbatar wa kansa, ya raba kwalabe biyu-biyu ya zauna yana kallon fuskokin ɗalibai. Daga baya da ya tabbatar, sai ya ga abin yana da wani amfanin.

Na buɗe kalandar shekarata ta biyu. Daga Maris zuwa Yuli sunana yana nan kusan kullum, ba jan ɗigo ko ɗaya. Wata biyar ɗin da gashina ya fara zuba, na rubuta takardar barin karatu sau biyu na yage, Farfesa ya ce a gaban kowa hannuna ba shi da albarka.

"Baba! Wannan fa?"

Ya leƙo ta saman tabarau. "A'a, Maris. Ranar uku ga wata ka shigo ka ce, kai mai wanki, ina kwalbata. Ka manta?"

"Wata biyar saboda kalma biyu?"

"Da wata ɗaya na yi niyya. Sai ka ƙi gaishe ni a matakala."

Goggo ta yi dariya har fulawa ta tashi. Ni kuwa na zauna da tafarnuwa a hannu ina tuna duk waɗanda aka ce suna da hannu mai albarka a ɗakinmu. Dukkansu masu gaisuwa ne.

Da ya fita zubar da shara na tambaye ta abin da ya sa sunan nan ya tsaya masa a rai haka, mutumin da ba ya karanta Turanci. Shi yakan ce don jikarsa ne, ta gani in ta girma. Goggo ta taɓe baki.

"Wace jika? Yayana ne. Malamin lissafi, ya yi ritaya da takardar yabo a bango. Tun ranar da aka kai ni gidan Sui yake ce masa mai wanke-wanke. Duk ranar biyu ga sabuwar shekara in mun je gaisuwa, ana gama cin abinci sai ya ce, Maolin, kwanuka na jiranka, ai kai ne gwani. Shi kuma ya tashi ya wanke yana dariya. In mun dawo gida kwana uku ba ya magana."

Na koma gida ina shawarar ko in faɗa wa Farfesa, sai Pei ta hutar da ni. Ashe ta rage ɗan ruwan kwalbar nan ta kai hawa na biyu an auna. Ranar Litinin ta ajiye sakamakon a teburin Farfesa: baƙin ƙarfe, kaɗan ƙwarai, amma ya isa. Farfesa ya karanta sau biyu, ya ce ta fita, ya ce in kira tsohon in kuma rufe ƙofa. Da hannunsa ya zuba masa shayi, abin da ban taɓa gani ba.

"Tsoho Sui, ni da kai mun daɗe. Na yi tunani, shekara sittin ai ba tsufa ba ne. Zan nemo maka ƙarin shekara biyu. Ka ci gaba da haɗa ruwa yadda ka saba, ba sai an yi ta surutu ba."

"Ranka ya daɗe, bayana."

"Shekara uku."

"Ai ba ciniki nake ba, Farfesa. Hutun nan ya yi min daɗi. Ga shi ma Farfesa Ge ya aiko, ya ce in na ajiye aiki in riƙa leƙa ɗakinsu ana shan shayi. Mutumin kirki. Sai dai ni in na sha shayi mai kyau bakina ba ya rufuwa."

Farfesa Ge abokin karatun maigidanmu ne, ɗakin gwajinsa yana ƙetaren gari, kuma shekara biyar yana cewa a taro ya kasa maimaita sakamakonmu. Na ga kunnen Farfesa Rong ya yi ja. Mutum ne mai girman kai amma ba wawa ba ne. Ya san in Ge ya tona, an kama shi ke nan. In shi ya tona da kansa, sai a ce masani ne mai gaskiya wanda ya gyara kuskurensa. Sai dai gyaran yana buƙatar a san wane gwaji aka yi da wane ruwa tsawon shekara shida, abin da ba ya cikin littafin kowa.

"Akwai wata hanyar sanin wace kwalba ce ludayin ya shiga?"

"Akwai 'yan kalandu a gida. Tsohuwa tana cewa za ta shimfiɗa su a kabad."

Farfesa ya rufe ido. "Me kake so?"

"Ni? Ai ma'aikata ba sa son komai."

"Tsoho Sui."

"A sama, Farfesa. Inda ake jera mutane."

Suka shiga ciniki kamar masu sayen ƙaguwa. Na farko na Pei ne, ita za ta sake gwaje-gwajen. Na ƙarshe na Farfesa ne, wannan kujerar maigida ce. Farfesa ya ce na shida cikin bakwai. Baba Sui ya kurɓi shayi ya yaba ƙamshinsa, ya ce ko na Farfesa Ge zai kai wannan. Farfesa ya ce na biyar.

"Ni ban damu da lamba ba," in ji tsohon. "Ko na nawa ne, in dai ina gaban Dakta Ning."

Ni ne na uku a jerin. Farfesa ko kallona bai yi ba ya ce an gama.

Wadda ta biya kuɗin wannan wasa Pei ce. Rabin abin da ta rubuta ya zube, kammala digirinta ya ja baya da wata shida. Kwana goma ba ta yi masa magana ba. A rana ta sha ɗaya ta tare shi a bakin lungunsa.

"Wata shida ka ci min, Baba. Ni me na yi maka? Ko sau ɗaya ban fasa gaishe ka ba."

"Shi ya sa shekara huɗu kina da jan ɗigo, 'yata."

"Ai gara da ka hana ni tun farko, da na san gaskiya da wuri."

Wannan ce kaɗai maganar da na ga ta rufe masa baki. Ya tsaya yana kallon takalminsa. Tun daga ranar har ya miƙa makullai a watan Oktoba, kullum da kwanon abinci daga Goggo a teburin Pei, kuma da kansa ya zauna da ita yana karanto kalandu kwana-kwana tana shigarwa a kwamfuta. Ban sani ba ko nadama ce, ko kuwa yana tsoron kada ta yi kuskure a takardar da sunansa ke kai. Na fi zaton shi ma bai raba su ba.

Takardar ta fito saura mako biyu sabuwar shekara. Ya sa aka buga masa ita mai launi a shagon bakin titi, ya kira ni ya ce ranar biyu ga wata zan raka su gidan yayan Goggo, domin ana buƙatar mai fassara, kuma dole ya zama dakta.

Malam Teng siriri ne, da sanda, da muryar da ta saba tsawata wa aji. Aka ci kifi, aka ci naman alade da kabeji, aka zaga da giya sau uku. Da aka ajiye tsinken cin abinci, Malam Teng ya jingina ya gyara murya.

"Maolin, kwanuka..."

"Yanzu kuwa, Yaya. Sai dai ka ɗan riƙe min wannan, kada ruwa ya taɓa."

Ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Malam Teng ya sa tabarau, ya bi layin sunaye da yatsa har ya tsaya a na uku. Ya daɗe a wurin. Ya duba bayan takardar kamar zai ga inda aka manna. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne daktan? Me take cewa?"

Na faɗa masa gaskiya, a taƙaice, ludayi da tsatsa da duka. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa tana ta washewa.

"Tsaya in gane. Wato duniya aka shaida wa cewa shekara shida mijin ƙanwata yana gurɓata wa mutane ruwa? Ashe ko wankin ma ba ka iya ba?"

"Haka ne, Yaya," in ji Baba Sui yana naɗe hannun riga. "Shafi goma sha ɗaya, da Turanci, har da zane. Kai a shekara arba'in da ka yi kana koyarwa, wa ya taɓa rubuta kuskurenka?"

Malam Teng ya mayar da ido kan takardar. Goggo ta sunkuya tana tattara ƙasusuwan kifi, kafaɗunta suna rawa. Baba Sui ya kwashi kwanuka ya nufi kicin, daga can muka ji ya ɗaga murya:

"Dakta Ning! Na huɗu! Zo ka ɗauraye."